Igiyar da Aka Ɗaure Tunkiyata

A da akwai wata guntuwar igiyar rama da ta daɗe a rataye a bayan ƙyauren ɗakina. Tsawonta bai wuce daga kafaɗata zuwa yatsuna ba. Duk matar da ta shigo ta gan ta sai ta ce in jefar, ƙazanta ce. Ni kuwa ba na jefarwa, domin ba tawa ba ce. Ta wan mijina ce, ɗan baffansa, wanda gidansa yake manne da namu, kuma na riga na yi wa kaina alkawari hannu da hannu zan mayar masa da abinsa. Da wannan igiyar ya ɗaure mini tunkiya a rana har hakan ya zama ajalinta.

Innata ce ta ba ni tunkiyar ranar da aka kawo ni gidan miji. Ba ta da halin yi mini jere na a zo a gani, sai ta haɗa ni da 'yar tunkiya fara, mai baƙi zagaye da idanu kamar ta sha kwalli. Ta ce, "Ki riƙa kallonta da kyau, za ta koya miki zaman garin nan." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce ta rarrashin amarya. Sai da Inna ta rasu, ya zama duk cikin gidan nan babu mai numfashin da ya zo daga gidanmu sai ni da tunkiyar, sannan na fara kallon nata da gaske.

A wajenmu, can ta ɓangaren Tsanyawa, gona a manne take da gona, babu wani daji da za a kora dabba. Da damina kowace mace takan ɗaure nata a turke, a yanko musu ciyawa, a tara takinsu don gona. Idan an gama kwashe amfani sai mai unguwa ya sa a yi shela a saki dabbobi. Daga nan har ruwa ya sake sauka tumakin unguwa su suke kiwon kansu. Da safe a buɗe musu ƙofa, su haɗu a bakin hanya, su bi wadda suka yarda da ita. Shekaru da yawa tawa suke bi. Ta hayayyafa har ya zama duk tunkiyar da ka nuna a unguwar in ba 'yarta ba ce to jikarta ce, shi ya sa mata suka laƙaba mata Gwaggo. Da ɗanta aka yi sunan ɗana na fari.

Gwaggo ba ta gaggawa. Ƙanana za su yi ta tsalle suna tunkuyin juna, ita kuwa ko kallonsu ba ta yi. Kitsen da ta tara da kaka, lokacin da harawa da karan dawa suke ko'ina, shi take ci a hankali har ƙarshen bazara, kuma ba ta yarda ta ɓatar da shi a guje-guje. Da sanyi ba ta fita sai rana ta taɓa katanga. Kafin nan tana kwance cikin tokar murhuna, in na zo hura wuta sai mun yi rigima. Da zafi kuwa tun ana sallame asuba take tsaye a bakin ƙofa tana buga mini ƙyaure da goshi. Takan kai garken kwarin da yake gabas da gari su yi kiwo da sanyin safiya. Da hantsi ya ɗaga sai ta wuce da su gindin wani babban gawo a bakin kwarin. Gawo shi ne bishiyar da take fitar da ganye da rani, lokacin da sauran suka kaɗe, kuma a tsakiyar bazara yake zubo da 'ya'yansa. A nan za su kwanta su yi ta tuƙa, su ci abin da ya faɗo, babu mai motsi sai rana ta karkata. Sannan ta tashi ta biyo da su ta rijiya, su shigo gida da la'asar cikinsu a cike.

Da ta tsufa haƙoranta suka zube, sai na jiƙa mata dusa da ruwan ɗumi da 'yar kanwa. Jikinta ya daina riƙe ɗumi da sanyi, ya kuma daina fitar da zafi da wuri da bazara. In ta ɗan daɗe a rana sai ka ga haƙarƙarinta yana bugawa, ta daɗe tana haki kafin ta dawo daidai. Amma ta san haka fiye da ni. Ta ƙara sammako, ta rage nisa, ta koma zuwa gindin gawo tun kafin sauran su so. Zafin ma ba irin wanda na tarar ba ne lokacin da ina amarya. Bishiyoyi sun ragu, masu itace sun bi su ɗaya bayan ɗaya, gidaje sun koma rufin kwano. Duk da haka Gwaggo tana da gawonta, kuma da na ce za ta ƙara wasu shekaru.

Sai wan mijina, wanda nake kira Yaya, ya je madatsar ruwan Watari ya ga masu noman rani, ya dawo da zafin nema. Gonarsa ce a bakin kwarin, gawon ma a cikinta yake. Ya sa aka haƙa rijiya, ya sayo injin ban ruwa, ya zagaye wurin da ƙaya, ya shuka albasa da tumatir. Gawon kuma ya ce yana tare masa rana, ya kira masu gatari. Muna cikin gida muka ji faɗuwarsa, har ƙasa ta amsa. Gonarsa ce, bishiyarsa ce.

Abin da ya biyo baya shi ne dokar. Tun kakanni in dabba ta yi maka ɓarna kana iya kama ta, amma sai ka ɗaure ta a inuwa, ka ba ta ruwa, ka aika wa mai ita, domin dabba ba ta san iyakar gona ba. Yaya ya ce wannan sakarci ne, shi ya sa mata ba sa tsare dabbobinsu. Ya tsaya a ƙofar mai unguwa ya yi ta kumfar baki har aka yarda da tasa: mai dabba ya zo da ƙafarsa, ba aike. Ya tsaya a bakin shingen da aka yi ɓarnar har mai gona ya gama aikin da yake yi. Wanda ya gaji ya tafi, dabbarsa ta kwana, gobe ya dawo ya sake tsayuwa. Mazan da za su musa masa duk suna kudu wajen cin rani, har da mijina, wanda ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. A wannan ranin babu tsohuwar da bai tsayar a bakin lambunsa ba saboda ɗan akuya.

Ranar da abin ya faru tun safe kaji suka tone gindin randa suka kwanta, fukafukai a buɗe, baki a buɗe. Ƙadangaru ma da wuri suka sauka daga katanga suka shige rami. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga tumaki sun dawo gida a warwatse suna haki, abin da ba su taɓa yi ba. Na duba, babu Gwaggo. Na zari hijabi na fita.

Tun daga nesa na hango ta. Ta samu inda ƙayar ta yi rauni ta kutsa. Ba ta ci masa ko ganye ɗaya ba, wanda duk ya ga wurin zai shaida. Ta taka fangalin albasa ta wuce kai tsaye zuwa inda gawon yake a da, ta tsaya a kan kututturen, tana jiran inuwar da ta saba. A jikin wannan kututturen ya ɗaure ta, da igiyar da ba za ta bar ta ta kwanta sosai ba. Inji yana ta ƙara, ruwa yana gudu a fangali, tsakaninta da shi bai fi taku kaɗan ba. Tana miƙa wuya igiya tana dawo da ita.

Ƙofar lambun a kulle take da kwaɗo ta ciki. Na ce, "Yaya, sannunku da aiki. Tunkiyata ce a hannunku."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na san taki ce. Ina ban ruwa."

Na ce, "To don Allah ku matsar da ita jikin shinge, ko ku miƙa mata ruwa. Tsohuwa ce, ba ta jure rana."

Ya ce, "Da ta san tsohuwa ce ai da ba ta shigo mini lambu ba. Ke dai tsaya, doka ce."

Na tsaya. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da zumuncin da yake tsakaninsa da ƙaninsa. Da na ga ba ya ji sai na ruga gidan mai unguwa, aka ce ya tafi kasuwa. Na dawo na tarar Gwaggo ta daina jan igiya. Ta sunkuyar da kai tana neman inda za ta cusa shi, yadda tumaki suke cusa kawunansu ƙarƙashin cikin juna in rana ta kama su a fili, amma babu kowa kusa da ita sai kututture. Ta buɗe baki, harshe ya fito. Na kama ƙayar da hannu ina ja har jini ya zubo mini, ban ko ji ba. Shi kuwa yana ta juya tiyo daga wannan fangali zuwa wancan, har da 'yar waƙarsa.

Sai da aka kira la'asar, ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe, sannan ya kashe inji. Ba tausayi ne ya sa ba, ba ya son mushe a cikin albasarsa ne. Ya zare igiyar daga kututturen ya jawo ta zuwa ƙofa, ya ce, "Ki nemi mai yankawa tun da sauran numfashi, kada ki yi asara biyu."

A baron aro na turo ta gida. Na jiƙa buhu na lulluɓa mata, na riƙa ɗiga mata ruwa a baki da tafin hannu, ba ta haɗiya. Idon nan mai kwalli yana kallona. Kafin magariba tsohon limaminmu ya zo ya yanka ta. Aka raba naman gida-gida, ni ko romon ban taɓa ba. Da na zo wanke wurin sai na ga igiyar a ƙasa, da ƙullinta yadda ya ƙulla, farin gashi a maƙale. Na ɗauka na rataye.

Kowa ya ba ni haƙuri, kuma kowane haƙuri ƙara mini wuta yake yi. Mai unguwa ya ce dabba ce, kuma tsohuwa ce, da ma kwananta ya ƙare. Mijina ya bugo waya ya ce in bar wa Allah, ɗan'uwa ne. Matar Yaya ta shigo ta zauna ta yi hawayenta ta tafi, ita baiwar Allah ba ruwanta. Shi kansa bai taɓa cewa uffan ba. In mun haɗu a hanya sai in durƙusa in gaishe shi yadda aka saba, ya amsa yana kallon gaba. Tumakin unguwa kuwa suka rasa ta bi. Sai su fita a makare, rana ta kama su a fili, su dawo da ƙishi, kafin damina duk ƙashin bayansu ya fito. Duk wadda na gani a haka sai in ƙara tsanarsa.

Babu irin muguntar da ban saƙa a raina ba. Na yi tunanin buɗe masa shinge awaki su shiga su share albasar. Na yi tunanin abin da zan zuba wa dabbobinsa a dusa. Amma duk inda na bi sai in ga wata dabbar ce za ta sha wuya, ko matarsa da 'ya'yansa, shi kuwa ya yi faɗa ya wuce. Ni ba albasarsa nake so ba. Shi nake so, da jikinsa, a tsaye, a rana. Da na gane haka sai hankalina ya kwanta. Na yi yadda Gwaggo take yi da bazara, na rage motsi, na daina ɓatar da ƙarfina a zage-zage. Har mata suka fara cewa na manta.

Lambu ya karɓe shi. Ya yi tumbi, wuyansa ya ninku, ya shiga kiwon ragunan Sallah. Ya kafa musu rumfar kwano a jikin katangar da ta raba mu, ƙasa-ƙasa, ba taga. Da tsakar rana ina jin hakinsu ta bango, ina jin suna dukan kwanon da ƙaho. Rago mai ƙiba ya fi kowa shan wuyar zafi, domin kitse bargo ne a jikinsa da ba ya iya cirewa. Na san duk ranar da ɗayansu ya samu sarari, inda ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nan zai nufa.

Sai na yi garka a bayan ɗakina. Na kafa danga, na shuka zogale da yakuwa da rama, ina ba su ruwan wanke-wanke. Kowace mace da yamma take ba shukarta ruwa, don kada rana ta shanye. Ni da hantsi nake ba tawa, har mata suna yi mini dariya wai ban iya ba. Ta gefen da yake kallon gidan Yaya kuma na bar dangar a gajarce, ban taɓa gyarawa ba. Bayan dangar faƙo ne fetal, ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa, babu bishiya, babu katanga mai inuwa. Rani ya zo ya wuce, babu abin da ya shigo sai kaji. Ban damu ba, na ci miyar zogale na ƙoshi.

Shekarar da ta biyo, Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen bazara, ruwa kuma ya yi jinkiri. Hadari ya haɗu ya watse, ya bar mutane cikin gumi. Yaya yana da wani ƙaton rago fari da wani Alhaji na birni ya riga ya saya, aka ce motarsa za ta zo ɗauka bayan la'asar. Matarsa ce ta faɗa mini da ta zo aron turmi. Da safen ranar na ji ana wanke ragon da sabulu. Na kuma ji Yaya yana cewa a zuba masa kanwa da gishiri a dusa, kada a ba shi ruwa sai mota ta kusa, don ya sha da yawa cikinsa ya yi ɓul-ɓul a idon mai saye. Aka cire masa sarƙa don kada ta ɓata masa wuya, aka ɗaure shi a waje da 'yar igiya ya bushe. Da na ji haka na san ranar da nake jira ta zo. Na kinkimi ruwan randa gaba ɗaya na juye a garka.

Ban daɗe ba na ji danga ta yi ƙara. Ga shi nan, guntun igiya yana ja a ƙasa. Ko kallon zogalen bai yi ba da farko, ƙasar ya hau lasa. Daga baya ya kama kan wata yakuwa ya tsinke, ya taka rama, na ce madalla, ɓarna ta tabbata. Na toshe gurbin da ƙaya. Na ja shi cikin gida gindin darbejiyata, na ɗaure shi da doguwar igiya. Na ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, domin dabba mai ƙiba in ta sha da yawa a kan ƙishi tana iya faɗuwa. Na jiƙa masa ƙasa. Ya yi ajiyar zuciya ya kwanta ya fara tuƙa, shi ba shi da laifin komai. Sannan na ɗauko markaɗen gyaɗar da na ajiye, na hura wuta, na ɗora kasko. Duk wadda ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ta san aiki ne da ba a barinsa a tsakiya.

Ba a jima ba na ji sallamarsa a zaure. Na amsa daga ciki, na ce, "Yaya, a baya aka yi ɓarnar. Ku zaga."

Ya zaga. Ta ramin zana nake kallonsa. Ya sha sabuwar shadda mai duhu da hula, shirin tarbar Alhaji. Ya ce, "Ke, an ce ragona ya shigo nan. Miƙo shi, ko mene ne ya ci zan biya."

Na ce, "Na san naku ne. Ina suya."

Ya kalli dangar, ya kalli faƙon. Ina jin a lokacin ya gane. Ya ce, "Wasa kike yi?"

Na ce, "Ina ni ina wasa da Yaya? Ku dai tsaya, doka ce. In kuma kun gaji ku tafi, ya kwana, gobe ku dawo."

Ya yi faɗa, ya ce zai haura, ya ce zai sa ƙaninsa ya kore ni. Haura gidan matar aure kuwa ya san abin da zai jawo masa. Ya sa aka kira mai unguwa. Tsohon ya zo da lemarsa, ya leƙa ya ga yakuwar da aka tsinke, ya ce, "Malam, dokarka ce. Ni ma ranar ban so ta ba, kai ka matsa." Ya juya ya koma inuwarsa. Kafin ka ce me labari ya zaga unguwa. Tsofaffin nan da ya taɓa tsayarwa saboda 'yan awaki suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, wai sun zo sayen ƙuli-ƙuli. Suka baje a gindin darbejiya kusa da ragon, suna yi masa fifita, suna yaba kyansa da ƙarfi yadda za a ji a waje.

Ni kuwa ina matsar mai ina leƙe. Na san abin da zan gani, domin na taɓa ganinsa. Da farko ya riƙa kai da komo yana huci, yana ɓatar da ƙarfinsa. Can ya tsaya wuri ɗaya, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan, faƙon ya ratsa takalminsa. Ya cire hula yana fifita, rana ta doki tsakar kansa, ya mayar. Shaddar ta manne masa a baya. Rana ta tsaya a tsaka, inuwar dangar ba ta fi tafin hannu ba, sai ga Yaya, mai lambu, mai raguna, ya tsuguna ya cusa kansa a jikin karan danga. Numfashinsa ya fara fita da ƙara. Bakinsa ya buɗe.

Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina, irin wanda ban ji ba tun ranar da na turo baro. Kuma ban ga ya kai ta shan wuya ba. Shi yana da gumin da zai sanyaya shi, yana da hula, yana da bakin yin magana, babu igiya a wuyansa. Abin da ya ɗaure shi kawai kwaɗayin cinikinsa ne da dokar da ya kafa da bakinsa.

Da aka kira azahar muryarsa ta canza. Ya ce, "Baiwar Allah, a taimaka mini da buta."

Tsofaffin suka zuba mini ido. Na cika buta da ruwan tulu mai sanyi na miƙa ta saman danga. Ba zan hana Musulmi alwala ba, kuma ban shirya ɗaukar alhakin rai ba, so nake ya rayu ya daɗe yana tunawa. Ya kafa kai ya shanye fiye da rabi kafin ya tuna da alwalar. Ya yi salla a kan faƙon nan, goshinsa yana taɓa ƙasa yana ɗagowa da sauri. Da ya sallame ya ce, "Yanzu fa?" Na ce saura kasko biyu. Ƙarya nake yi, na riga na gama, sai na riƙa buga cokali a kasko.

Ban buɗe ba sai da aka kira la'asar. A lokacin ana jin ƙahon mota daga bakin hanya. Na shiga ɗaki na zaro igiyar daga bayan ƙyaure. Na kwance tawa daga wuyan ragon na zura masa wannan. Da ƙyar ya tashi, bai so barin inuwar ba. Na janye ƙaya, na fito da shi, jikinsa da sanyi, yana tuƙarsa hankali kwance.

Yaya ya miƙe yana dafa danga. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe, ya zama tsoho a wuni ɗaya. Ya ce, "Me zan biya na ɓarnar?"

Na ce, "Kun biya." Na miƙa masa bakin igiyar da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. Na ce, "Wannan taku ce, ta daɗe a wurina."

Ya karɓa ya duba. Ya ga gajartarta, ya ga ƙullin da ya yi da hannunsa, ya ga tsohon gashin da yake maƙale a ciki, wanda ba na ragonsa ba ne. Ya daɗe yana juya ta. Sannan ya ɗaga kai ya kalli faƙon da ya wuni a kai, ya ce a hankali, "A haka ta wuni?"

Na ce, "A haka. Sai dai ita ba a miƙa mata buta ba."

Ya naɗe bakin igiyar a hannu. Ya ja ragon, igiyar ta yi masa gajarta har sai da ya sunkuya, ragon kuma yana ta waiwayen darbejiya. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana. Sannan na ɗauko kara na ɗaga dangar nan ta yi daidai da sauran, na ɗaure ta tamau. Daga ranar na koma ba zogalena ruwa da yamma, kamar kowa.